“An danne shafina, kuma sun san ƙofar gidanmu”

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 26, ina zaune da mahaifiyata a cikin birnin Zariya. Bara yayata ta haihu da daddare a asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu, da fitilar waya aka karɓi haihuwar, alhali ga allon kwangilar gyaran asibitin nan a kafe a bakin ƙofa ya fi shekara. Tun daga ranar na fara ɗaukar bidiyo ina sawa a Facebook da TikTok. Na farkon dubban mutane suka kalla. Yanzu da ƙyar 'yan ɗaruruwa ke gani, ƙawayena sun ce danne ni aka yi. Sai in na fusata na kama sunan ɗan siyasar da ake cewa shi ya kawo aikin, na kira shi ɓarawo, sannan abin ke tashi. Makon jiya wani ya kira ni da ɓoyayyiyar lamba, ya ce in gaida Hajiya, ya faɗi launin ƙofar gidanmu, ya kashe. Kafin nan wata magana da na yi a guruf ɗinmu na WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ta koma kunnen kawuna, babu ragi babu ƙari. Na tabbata ana sauraron wayata. Hajiya ta yi kuka ta ce in daina. Wani abokin gwagwarmaya kuma ya ce in buɗe shafi da sunan bogi, in riƙa amfani da VPN, manhajar nan ta ɓoye sawu a intanet, in riƙa karkata rubutun kalmomi don kada injin da ke tace saƙonni ya gane. In daina ne, ko in ɓuya in ci gaba?

Ƙanwarki daga cikin ganuwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya abin da yayarki ta haifa, ya ba ta lafiyar shayarwa. Duk cikin wasiƙarki launin ƙofar nan ne ya tsaya min a rai, don haka da shi zan fara. Maganar masu kallo ta ɗan jira.

Wanda ya kira ki bai zage ki ba, bai ce zai yi miki komai ba, amma ni da ke mun san abin da yake nufi, kuma kada ki bar kowa ya ce miki wasa ne. Yau ɗin nan ki ɗauki littafi na takarda ki rubuta ranar da ya kira, da ƙarfe nawa, da kalmominsa yadda ya furta su. Ke aka ɓoye wa lambar, kamfanin layi yana da ita, saboda haka rana da sa'a za su yi amfani in magana ta kai gaban hukuma. Daga nan ki nemi lauya. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa tana da reshe a nan Zariya, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tana da ofis a Kaduna, ga kuma ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da ke tsaya wa mata marasa ƙarfi. Ki kai ƙorafi a rubuce ga 'yan sanda, a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki, ki adana. Na san za ki ce me zai fito daga ciki. Wataƙila ba komai. Amma takardar za ta shaida cewa ke kika fara kai kuka, kuma mai barazana ya fi sakewa da wadda ya tabbata ta haɗiye abin ita kaɗai.

A kuma sami mutum biyu ko uku da kullum suka san inda kike da lokacin dawowarki. In aka kira aka ce ki zo a sasanta, ko Oga na son ganinki, ba ki zuwa ke kaɗai, ba ki shiga gidan kowa, ba ki fita bayan magariba.

Ba tsorata ki nake son yi ba, amma ba zan ɓoye miki dalilina ba. A farkon Agustan 2019 wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, daga gidansa da ke Barnawa a Kaduna, yana dawowa da dare. Malamin jami'a ne da ya yi suna wajen sukar masu mulki a soshiyal midiya. Shekaru suka yi ta shuɗewa iyalinsa na jiran labari. Daga Kwangila ta nan Zariya zuwa Barnawa ba wata tafiya ba ce. Hawayen Hajiya yana da tushe.

To, ana sauraron wayarki? Hanyar yin hakan tana nan. Tun Disambar 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, layinki ya zama ke: sunanki, hotonki, zanen yatsunki. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana da ƙa'idojin 2019 da suka buɗe wa hukumomin tsaro ƙofar tsoma kunne cikin sadarwar mutane. Kamfanin layi ya san wa kika kira, minti nawa kuka yi, da turken sabis ɗin da wayarki ta kama, wanda ke nuna yankin da kike. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ba da rahoton yadda 'yan sandan ƙasar nan suka bi bayanan kira suka tsare abokan wasu 'yan jarida, suka sa su kirawo su, sannan suka kama su. A ƙarshen shekarar ne kuma masu binciken Citizen Lab na Jami'ar Toronto suka sa Najeriya cikin ƙasashen da alamu suka nuna suna amfani da kayan leƙen waya na kamfanin Circles.

Duk da haka, abubuwa biyun da suka same ki ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya, kamfanin layi ba ya iya karanta shi a hanya. Amma in ya isa, ya isa hannun duk wanda ke cikin guruf ɗin, kuma ɗaukar hoton allon waya ba ya cin daƙiƙa biyu. Wani ko wata da kuka zauna benci ɗaya a aji ne ya tura wa kawunki. Ba lallai ma da mugunta ba, wataƙila gani ya yi yana ceton ki. Launin ƙofa kuwa, a cikin birnin Zazzau inda ake kwatancen gida da sunan kakan kaka, yaro ɗaya da ya san lungunku ya isa. Ki koma ki kalli tsofaffin bidiyonki da idon baƙo, ki ga ko ba ke da kanki kika nuna ƙofar ba, ko masallacin bakin layi, ko shagon mai shayi. Da ɗan gari akan ci gari. Na daɗe a kan wannan ne saboda wadda ta ɗauka tauraron ɗan adam ke bin ta sai ta sallama, ta ce ba yadda za ta yi, alhali ɓarakar tana kusa, kuma ta toshuwa ce.

Ki ɗauki kowane guruf da ya wuce mutum biyar tamkar dandalin kasuwar Tudun Wada. Ki kulle wayarki da lambobi shida ko fiye, ki cire buɗewa da yatsa ko fuska, domin yatsa ana iya kama shi a ɗora da ƙarfi. Ki kunna tabbacin mataki biyu na WhatsApp da na Facebook, kada ki taɓa karanta wa kowa lambobin da aka turo miki ta tes, ko da ya ce daga ƙungiyar tallafi yake. Ki duba wurin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinki, in kin ga wadda ba ki sani ba ki cire ta. In za ki kai wayar gyara unguwar PZ ko ki bayar da caji, kada ki ba da ita a buɗe. Kada ki ƙara yin bidiyo kai-tsaye daga inda kike tsaye, ki ɗauka, ki bar wurin, sannan ki sa. In kuma akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke tsegunta miki halin da ake ciki, ki sani ita ta fi ki shiga haɗari, don ita albashinta ne a kan layi. Kada ki ajiye lambarta da sunanta, ku kunna saƙo mai gogewa da kansa, in da hali ma ku yi magana baki da baki.

Yanzu mu zo ga injin. Abin da ake kira algoridim lissafi ne da ke zaɓar abin da kowa zai gani in ya buɗe manhaja. Bai san ki ba, bai san asibitinku ba. Yakan nuna bidiyo ga mutane kaɗan, ya auna ko sun tsaya sun kalla har ƙarshe, ko sun yi sharhi, ko sun tura wa wasu. In sun yi, ya ƙara faɗaɗawa, in sun wuce, ya ajiye. Bidiyonki na farko sabon abu ne, ga labarin haihuwa da fitilar waya. Na goma, bangon nan ne dai da rufin nan, ido ya saba. Yawancin abin da ake kira dannewa wannan ne.

Ba ina cewa ba a danne mutane ba. A Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, Instagram da Facebook sun yi ta liƙa wa saƙonnin masu zanga-zanga tambarin labarin ƙarya, daga baya suka ba da haƙuri suka ce kuskuren na'ura ne. A farkon 2024 kamfanin Meta, mai Facebook, ya daina tallata abubuwan siyasa a Instagram da Threads ga wanda bai bi shafin ba, a Janairun 2025 kuma ya ce ya sauya shawara. Ana yanke irin wannan hukunci a Amurka, mu a nan mu tashi mu ga masu kallo sun ragu ko sun ƙaru. Ga kuma sojojin bakan da ake saya wa data, waɗanda in sun yi wa shafi taron dangi da rahoton ƙarya suna iya jawo masa takunkumi, musamman da yake na'urorin tacewar ba su ƙware a Hausa kamar Turanci ba. Kafin ki yanke hukunci, ki shiga saitin shafinki, akwai wurin da ke nuna matsayinsa da ko an sa masa takunkumi. In an sa, ki ɗaukaka ƙara a nan.

Amma jimla ɗaya a wasiƙarki ta fi duk wannan damuna: sai kin kira mutumin ɓarawo sannan abin ke tashi. Kin gano da kanki abin da takardun cikin gida na Facebook suka nuna lokacin da tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar da su a 2021. Daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin nan na fuska, har da fuskar fushi, maki ninki biyar na danna layik, kuma ma'aikatansa da kansu sun yi gargaɗin cewa tsarin yana fifita abin da ke harzuƙa mutane. Daga baya sun rage makin fushin, amma har gobe rigima ta fi jan sharhi, sharhi kuma shi injin ke ƙirgawa. Ma'ana, a hankali injin yana koya miki yadda za ki yi magana. Kuma kalmar da yake saka miki da masu kallo a kanta, ita ce kalmar da lauyan wancan mutumin zai ja wa layi a takardar ƙara.

Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 shi ne sandar da aka fi dukan masu rubutu da ita. An yi masa gyara a 2024, aka taƙaita shi, amma har yanzu yana hukunta saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya yaɗa don tayar da hankalin jama'a, ga kuma laifin ɓata suna da ke cikin kundin hukunta laifuka na jihohin Arewa. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan ɗan gajeren rubutu a Twitter game da matar shugaban ƙasa ta lokacin, ya kwana a tsare har sai da aka janye ƙarar. A watan ne kuma wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, kan bidiyon da suka yi game da gwamna. Ni ban yarda da waɗannan hukunce-hukuncen ba, kuma sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ki 'yancin faɗin albarkacin bakinki. Amma ke kika rubuta min cewa “ake cewa” shi ya kawo aikin. Kin ga takardar kwangilar? Kin san nawa aka fitar, wa ya karɓa? In ba ki sani ba, to kin kira mutum ɓarawo a kan jita-jita, kuma ko babu kotu, wannan nauyi ne tsakaninki da Allah. Magana zarar bunu ce. Ki kwatanta da wannan: ga allon kwangila, ga sunan aikin a jiki, ga yadda ɗakin haihuwa yake yau ranar kaza, muna tambayar ina aka kwana. Wannan ba zai tashi kamar zagi ba. Amma ba wanda zai iya cewa kin yi masa ƙazafi, kuma shi ne irin abin da ɗan jarida zai iya ɗauka ya bi.

Shawarwarin abokin naki kuwa, kowacce tana da inda take aiki. Karkata kalmomi, kamar yadda masu goyon bayan Falasɗinu ke sa hoton kankana a madadin tuta, yana iya rikita na'ura na ɗan lokaci. Ba ya rikita ɗan adam, kuma ɗan adam ne ya kira ki. Sannan matan unguwarku da ke haɗa baƙi da ƙyar su ne za ki fara rasawa. VPN ya yi wa mutane rana lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, don aikinsa ke nan, ya tsallakar da ke shinge, ya ɓoye wa kamfanin layi shafin da kika shiga. Ba ya ɓoye ki ga Facebook ɗin da kika yi wa rijista da lambarki, kuma na kyauta da yawa da bayananki suke cin riba. Da aka katse sabis ɗungurungum a wasu sassan jihar nan a ƙarshen 2021 saboda 'yan bindiga, babu VPN ɗin da ya amfani kowa. Shi ya sa nake son ki kwafe asalin hotunanki da bidiyonki a wani katin ajiya, ki ba wanda kika amince da shi.

Shafin bogi kuwa, ba naki ba ne. Akwai waɗanda ba su da wata hanya sai ita, ban ga laifinsu ba. Amma ke muryarki sananniya ce, asibitin ɗaya ne, labarin yayarki kowa ya ji. Ranar farko za a ce ai wance ce. Sai ki rasa abin da ke kare ki yanzu, wato suna da fuskar da in wani abu ya taɓa ki jama'a za su tambaya, ba ki kuma sami ɓuyan ba. Sannan wanda ya rufe fuska bakinsa kan yi sako-sako, ke kuwa taka wa bakin birki kike buƙata.

Abin da ya sa kiran nan ya zo miki shi ne ke kaɗai ce a fili. Mutum ɗaya ake kira a tsorata. 'Yar garinku ce Hajiya Gambo Sawaba, wadda babban asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta. Tun da ƙuruciyarta ta shiga jam'iyyar NEPU, ta shugabanci matan jam'iyyar a Sabon Gari, aka ɗaure ta sau da dama, tana neman wa matan Arewa ƙuri'ar da ba su samu ba sai ƙarshen shekarun 1970. Ana yawan ba da labarin jarumtarta, a manta cewa duk lokacin da aka rufe ta akwai jam'iyya da mata a waje da suka san inda take. Ke wa kike da shi a waje? Masu danna layik daga Legas da Jidda ba za su zo ofishin 'yan sanda da tsakar dare ba.

Jihar Kaduna tana da gundumomi 255, kuma a tsarin kiwon lafiya matakin farko kowace gunduma ana son ta sami kwamitin ci gabanta da ke sa ido kan asibitinta. Ki binciko su waye a na gundumarku. Ki je wurin mai unguwa da ladabi, ki sami malamar Islamiyyar matan aure, ki tara matan da suka haihu a ɗakin nan cikin duhu, don su ne masu ciwon. Ku rubuta takarda ɗaya da hannuwa da yawa a ƙasanta. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar neman takardun kwangilar a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Sau da yawa ba sa amsawa, amma shirun ma abin nunawa ne, da kwanan wata a jiki. Shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT aikinsa ke nan, bin ayyukan mazaɓu da aka yi watsi da su. Kada kuma ki raina rediyo. Shirin ƙorafin jama'a na safe a tashar FM yana shiga kunnen kansila da shugaban ƙaramar hukuma ba tare da ya nemi izinin wani inji ba. In za a ci gaba da sa bidiyo, a sa a shafin ƙungiyar, masu kula da shi su kai uku. Kuma don Allah kada fuskar mai naƙuda ko ta marar lafiya ta ƙara fitowa sai da yardarta, mutuncinta ya fi ƙarfin hujjarki.

Saura Hajiya. Kada ki yi mata alkawarin dainawa da baki ki koma kina yi a ɓoye, in ta ji daga waje ciwon zai ninku. Ki dakatar da sa komai na mako biyu ko uku, ba abin da zai lalace. A cikinsu ki ga lauya, ki gyara wayarki, ki sauke bidiyon da kika yi zagi a ciki bayan kin nuna wa lauyan kin ajiye kwafi. Sannan ki zauna da ita, ki kira kawun nan naki ya zauna, tunda maganar ta riga ta same shi gara ya ji ta daga bakinki. Ki nuna musu takardar ƙorafin da hatiminta, ki faɗa musu sunayen matan da za ku tafi tare. In tsoronta a zo a kama ta ne ko wani ɗan gidan a madadinki, lauyan ya gaya mata da bakinsa cewa dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani. In duk da haka ta ce ba ta yarda fuskarki ta ƙara fita ba, ki bi ta. Ki miƙa hotunan ga kwamitin, ki zama mai rubuta musu takarda da ajiye kwanan wata, wasu su yi maganar a fili. Asibitin zai amfana da wannan aikin ko da ba a ga ke ba.

Ki rubuto min bayan kin ga lauyan, ina son in ji yadda kuka yi. Ki gaishe min da Hajiya, ki ce mata wata uwa ce ta aiko, kuma ta fahimci kukanta.